Batirin da Na Ɗauko Cikin Ƙwaryar Nono

Shekaru sun tura, haƙora sun zube, abubuwa da yawa sun fice mini daga kai. Har sunayen shanun da na tatsa da ƙuruciya sai in nema in rasa. Amma ranar da ɗana na fari ya rasa idanunsa a kan hanyar Kafanchan, wannan kam da ita za a kwantar da ni a kabari. Ba zan manta ba, kuma ba na roƙon Allah ya mantar da ni, domin da hannuna a ciki.

Mu Fulani ne, amma mun daɗe da daina tashi. Tun zamanin surukina muka zauna a gefen wani ƙauye can bayan Manchok, a gindin duwatsu, muna ɗan kiwo, muna noman masara da citta kamar maƙwabtanmu. Mun bar yawo, amma ba mu bar fulako ba. A wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Ba ta zama ta yi hira da shi, ba ta kallonsa ido cikin ido, ba ta bari duniya ta ga ta damu da shi. Ana yaye shi kakarsa ta ɗauke shi, ya tashi yana ce mini Adda, wato yaya, yadda ya ji ƙannena suna kirana. In ina da magana da shi sai in ba wani ya kai masa. Da ya yi aure sai matarsa ta zama bakina. "Ki ce wa mijinki kaza." Shi ke nan. Haka muka yi shekara arba'in da ɗoriya a gida ɗaya, ban taɓa ganin aibin abin ba. Har daɗi nake ji in mata suka ce duk rugar babu mai kara irina.

Mahaifinsa ya rasu ya bar masa wata tsohuwar mota, doguwa, wadda a da fara ce. Ƙofofinta na baya ba sa buɗuwa sai daga waje. Amma ita ke kai mu kasuwa mu masu nono, ita ke kwasar buhunan rabin ƙauyen, ita ke kai mai naƙuda asibiti. Da ita yake ciyar da 'ya'ya shida.

To, a ƙarshen wata damina batirinta ya mutu. Ya kai shi caji ya dawo, ya kai ya dawo, har mai cajin ya ce ya daina wahalar da kansa. Kullum safiya sai an tura. Ina bakin ɗakina ina kaɗa nono, ina kallonsa ta gefen ido, ya sa kafaɗa a jikin ƙofa yana turawa cikin laka. Wata safiya ya zame ya faɗi a kan gwiwa, ya daɗe bai tashi ba. Na kau da kai kamar ban gani ba. Amma a ranar na ƙudurta a raina ni zan sayo masa, kuma ba wanda zai san ni ce.

Na sayar da tumakina biyu a ɓoye. Ran da ya ciro tsohon batirin ya ajiye a gindin mangwaro ya tafi salla, na zare zare daga bakin zanena, na auna tsawo na ƙulla, na auna faɗi na ƙulla. Ranar kasuwa na ce wa matarsa su koma gida ba ni, zan tsaya in gai da wata 'yar'uwa, in biyo motar haya.

Akwai wani dattijo mai shagon kayan mota, Bahaushe, irin tsoffin gidajen kasuwar nan da kakanninsu suka zo tun farkon zuwan jirgin ƙasa. Ya fi shekara ashirin yana sayen man shanu a hannuna. Da ya gan ni na tsaya a bakin shago ban ajiye ƙwarya ba, sai ya ce, "Goggo, ɓatan hanya ne? Nan ba a sayar da dusa."

Na ce, "Batir nake so."

"Na tocila?"

"Na mota."

Ya dube ni, ya dubi ƙwaryar da ke kaina. "Ashe shanun sun fara ƙin tashi da safe."

Na ce, "Shanuna suna riga ka tashi, Alhaji. Duba wannan." Na miƙa masa zaren.

Ya ɗora shi a kan wani ƙaton batir, ƙulli ya zo daidai da ƙulli. Ya yi dariya. "Motar ɗanki ce. Tun ina da baƙin gashi nake jin tarinta. Wannan shi ne nata, da irinsa aka yi ta."

Na ce, "Motar gidanmu ce." Ko a nan ban yarda na ce ɗana ba.

Na sunkuya in ɗauka. Ban iya kai shi ko gwiwa ba. Daga inda motar haya ke sauke mu zuwa ruga tafiya ce mai hawa da gangara, da tsallaken rafi. In na ɗauki ɗan mashin, kafin magariba duk ƙauye ya ji cewa uwa ta sayo wa ɗan farinta batir, an gama da ni ke nan a bakin mata. Ina tsaye ina wannan tunani idona ya faɗa kan wani batir baƙi, ƙarami, a can saman kanta. Na ce, "Wancan fa?"

Ya sauko da shi, ya nuna mini wasu lambobi a jikinsa. Na ce ya bar wahala, ni ban san baƙi ba, ya faɗa mini da baki. Ya ce, "Ƙarfi kam zai tada ta. Na yanzu ƙanana suke yi, amma ba ragwaye ba ne. Matsalar mazauni ce. Gidan batirin motar nan babba ne. In aka sa wannan, kamar kin jefa ƙwai ɗaya a cikin ƙwaryarki ne kika kama hanya. Yawo zai yi ta yi. Ki ɗauki babban ki bar shi a nan, gobe yaron ya zo da motar in ɗaura masa da hannuna."

Shawara ke nan mai kyau, kuma na ji ta da kunnena. Amma sai na sauke ƙwaryata, na sa ƙaramin a ciki. Ya zauna daram. Na ɗora faifai, ya rufe ruf, ba mai cewa ba nono ba ne. Na ce, "Wannan nake so." Yanzu da nake tunawa na gane ban auna batirin nan da mota ba. Da ƙwaryata na auna shi, da kunyata.

Dattijon ya daina dariya. Ya shiga ciki ya fito da wani falen ƙarfe mai dogayen ƙugiyoyi biyu da notoci, ya ɗora a kan faifan. Ya ce, "To ki saurara, abu biyu ne. Na ɗaya, da ƙarfen nan za a danne shi, ba da roba ba. In mazaunin ya ci tsatsa ƙugiya ta ƙi kamawa, ya je wurin mai walda a ranar, kada ya kwana. Na biyu, in ya taɓa jin wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai, ko batirin ya goce mota ta mutu, kada ya sunkuyar da fuska a kansa, kada ya taɓa wayar. Ya buɗe bonet ya ja da baya, ya bar shi ya sha iska. Ruwan da ke cikin nan wuta ne." Sai ya rage murya. "Goggo, na san halinku. Da bakinki za ki faɗa masa. Kin ji? Da bakinki."

Na ce to.

Na iso gida da la'asar, yana gona. Na ajiye batirin a bakin ɗakinsa, na yafito matarsa zuwa bayan rumbu. Ita ma kunyata take ji, ta durƙusa nesa da ni, kai a ƙasa. Na yi magana da sauri kamar mai sata. Na ce, "Ki ce wa mijinki wani ne ya aiko. A ɗaure da ƙarfen nan. In ya ji wari ya kiyaye." Duk dogon bayanin dattijon nan, abin da ya fita daga bakina ke nan. Daga baya na ji cewa abin da ya isa kunnensa bai ma kai haka ba. Cewa ta yi, "Wai ka ɗaure shi."

Washegari na ji motar ta tashi da murɗa makulli sau ɗaya. Yara suka yi ta tsalle. Ni kuwa ina zaune ina kaɗa nono, fuskata ba ta nuna kome ba, amma sai da nono ya zube mini a cinya don daɗi. Ashe ƙugiyoyin sun ƙi kamawa, tsatsa ta cinye ramukansu. Sai ya yi yadda direbobi ke yi, ya cusa guntayen katako a gefe, ya yanko robar tsohuwar taya ya ɗaure, ya ce in an gama girbin masara zai leƙa mai walda. Ƙarfen kuma ya rataye shi a reshen mangwaro.

Mako uku ina wucewa ta gindin mangwaron nan safe da yamma. Mako uku ƙarfen yana lilo a saman kaina. Sau ɗaya na ce wa matarsa, "Ƙarfen nan fa?" Ta ce, "Ya ce sai an gama masara, Inna." Na koma ga aikina. Sau biyu ina ganinsa shi kaɗai yana wanke motar, taku goma tsakaninmu, ba kowa a kusa. Na tsaya, na gyara ɗaurin zane, na wuce.

Ana nan ana nan, ranar ta zo. Ranar kasuwa ce, hantsi ya ɗaga. Mu uku ne a baya, ni da matarsa da wata maƙwabciya, kowa da ƙwaryarta a cinya, buhunan masara a bayanmu har rufi. Ruwan damina ya ƙwaƙule hanyar, motar na faɗawa rami tana fita. Ina jin wani abu a gaba yana bugawa, ƙwas, ƙwas. Kafin mu kai gangaren rafi sai na ji warin. Shi ne sak, yadda dattijon ya faɗa. Na taɓa matarsa na ce a hankali, "Kina jin wari?" Maƙwabciyar ta yi dariya ta ce, "Ƙwan zabina ne. Direban nan naku tuƙin jaki yake yi, ya fasa mini guda." Shi ma ya yi dariya daga gaba ya ce, "Ki biya kuɗin mota tukun kafin ki zagi jakin." Na haɗiye maganata.

Muna gangarawa motar ta faɗa wani rami, ta yi tsalle, ta mutu. Ya murɗa makulli, shiru. Ya fita, ya ɗaga bonet, ya tokare. Ta ƙarƙashin bonet ɗin ina hango hannuwansa da gaban rigarsa. Na ga ya sunkuya.

Ku ji abin da na yi, domin shi ne abin da nake kwana da shi. Gilashin motar a sauke yake. Muryata lafiya lau take, da ita nake kiran shanu daga tsallaken fadama. Kalma ɗaya ta isa. Amma kalmar nan sunansa ce, kuma ga maƙwabciya a zaune. Sai na juya ga matarsa na ce, "Fita ki ce wa mijinki ya ja baya." Ta kama ƙofa, ƙofa ta ƙi, tunda daga waje take buɗuwa. Ta zura hannu ta taga tana lalube. Tana cikin lalubawa muka ji ƙara kamar an harba bindiga.

A lokacin na kira sunansa. Sunan da na riƙe shekara arba'in ya fito da dukan ƙarfina, bayan ya daina amfani.

Ban san yadda na fita ba. Na same shi a durƙushe a tsakiyar hanya, hannuwa biyu a fuska, ba ya kuka, yana dai jan numfashi ta haƙora. Batirin ya tsage biyu, ruwansa ya wanke masa fuska da ƙirji, rigar tana hudewa a gaban idona. Ya ce, "Adda, idona. Wuta." Rafi na nan ƙasa, bai fi jifan dutse ba, ina jin gudun ruwansa. Amma mu a wurinmu ƙuna ba a sa mata ruwa, ana cewa tashi take yi. Man shanu ake shafawa. Da shi uwata ta yi mini, da shi na yi wa yarana. Na buɗe ƙwaryata na dumbuzo mai cike da hannu, na cire hannuwansa, na cika masa idanu da shi, na yage ɗankwalina na ɗaure tam. Wannan ne karo na farko da na taɓa fuskarsa tun da aka yaye shi.

Wani mutumin ƙauyen da ke gefen hanya, dattijon coci ne, yana gonarsa ya ji ƙarar, ya sheƙo da gudu da lauje a hannu. Ya dubi batirin, ya dubi ɗankwalin, ya ce da irin Hausarsu ta ƙauyen, "Mama, me ka sa masa?" Na ce mai. Ya ce, "Cire. Cire shi yanzu. Ruwa ne maganin wannan. Na yi aikin gareji a Sabon Tasha, na ga irin shi. Kawo shi rafi."

Na riƙe ɗankwalin da hannu biyu na ƙi saki. Na ce ruwa zai ƙarasa shi. Ya ce, "Mama, abin yana cin idon yanzu da muke magana. Ka rufe wuta a ciki." Na ce ni na haife shi, na fi shi sanin abin da zan yi masa. Muna ja, yana roƙo, ina ƙi, matarsa na kuka, maƙwabciya na goyon bayana. Mun ɓata lokacin da za a tatsi saniya biyu. Sai ɗana ne da kansa ya ce, daga ƙarƙashin ƙyallen, "Adda, ki bar shi."

Mutumin ya goya shi a baya har rafi, ya kwantar da shi, ya buɗe idanun da yatsu yana kwara ruwa da ƙwaryata. Mai ya hana ruwa shiga, sai zamewa yake yi. Sai da ya goge da gefen rigarsa, ya goge, ya kwara, ya goge, ya kwara, har hannuwansa suka gaji. Sannan ya ɗauko mashin ɗinsa daga gona, muka sa ɗana a tsakiya, ni a baya ina tallafe da shi har asibiti a Kafanchan. Mutumin nan bai karɓi ko ruwan sha a hannunmu ba. Allah ya saka masa.

Likitar mace ce. Ta duba ta daɗe, sannan ta fito ta ce, "Wa ya shafa masa mai?" Na ce ni ce. Ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Ta ce kawai, "Mama, da ruwa aka fara sa masa." Suka tura mu babban asibiti a Kaduna. Wata biyu muka yi. Idon dama ya tafi gaba ɗaya. Na hagu yana bambanta rana da dare, shi ke nan.

Wata rana a can asibitin, matarsa ta fita sayo abinci, muka rage mu biyu. Ina zaune a ƙasa a kan tabarma, yana kan gado, fuska a naɗe. Sai ya ce, "Adda, kina nan?" Na ce ina nan. Ya ce, "Na san ke kika sayo batirin. Warin man shanu yake yi ran da na ɗauke shi. Na gode. Kada ki sa wa ranki kome, laifina ne, ni na ƙi zuwa wurin mai walda."

Da na yi shiru da ya tafi a haka. Amma na gaji da shiru. Na faɗa masa kome. Na faɗa masa babban batirin da aka ce in ɗauka na ƙi. Na faɗa masa abu biyun da dattijon ya ce, da yadda ya ce da bakina. Na faɗa masa na ji warin, na san ko na mene ne, na ga ya sunkuya.

Sannan ya ce, ba da fushi ba, "Ni ban san yana fashewa ba. Ba wanda ya ce mini yana fashewa." Sai ya ƙara da cewa, "Adda, tun da nake ban taɓa jin kin ce mini in yi wani abu ba. Da kin tsaya a gabana kin ce je ka wurin mai walda, ko da ƙafa ne da na je a ranar. Don in ji kin sa ni kawai."



Motar an sayar wa masu sayen tsohon ƙarfe. Manyan 'ya'yansa biyu suka bar makaranta suka kama gona. Matarsa ce ke ɗaukar ƙwarya zuwa kasuwa yanzu, ni ƙafa ta ƙi. Shi kuwa yana zaune, yana tufka igiya yana sayarwa, bai taɓa ɗaga mini maganar ba ko sau ɗaya. Ina zama kusa da shi, muna hira, ina kiran sunansa a gaban kowa. Wasu matan rugar suna cewa tsufa ya cire mini kunya. Ina jinsu, ba na tankawa.

Ni ban ce a yar da kunya ba, da ita aka raine mu, kuma tana da kyau a inda ta dace. Abin da na koya shi ne, in za ki sayi abu, ki saya daidai da wurin da zai zauna, ba daidai da abin da zai rufa miki asiri ba, kuma ki ji maganar wanda ya san aikin. In kuma aka ba ki gargaɗin da ya shafi ran mutum ko lafiyarsa, kada ki ba kowa ya kai. Ki taka da ƙafarki, ki tsaya a gabansa, ki faɗa duka, ko ɗan fari ne, ko suruki, ko duk duniya na kallo. Maganar mata takan wuce cikin kwana biyu. Ɗana kuwa shekara bakwai ke nan bai ga fuskar 'ya'yansa ba.